Wa Ya Koya wa Malamin Jami'a Riƙon Ɗalibi?

A wannan mako za mu ɗan ratse zuwa ƙasar Gwandu, mu dubi wani al'amari da ya shafi kowane uba da ya sayar da albasa ko shinkafa, ko ya tsakuri albashinsa, ya aika ɗansa jami'a. Al'amarin kuwa shi ne: mutanen da muke damƙa wa 'ya'yanmu a manyan makarantu, wa ya koya masu yadda ake riƙon ɗalibi in ya shiga matsala?

Duk wanda ya san garin Aliero ya san shi da abu biyu tun kafin a kafa jami'a a cikinsa, watau albasa da ɗori. Daga nesa ake kawo wanda ya karye. Mai ɗori kuwa ba ya kama ƙafar mutum sai ya daɗe yana zaune gaban na gaba da shi, yana kallo, yana miƙa kara da tsumma, har hannunsa ya faɗa. Mutanen Aliero ba za su yarda wanda bai koya ba ya taɓa ƙashin ɗansu, ko da shi ne ya fi kowa karatu a garin. To, a cikin wannan gari ne aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kebbi a 2006, zamanin Gwamna Muhammadu Adamu Aliero, wadda daga baya aka sa mata sunan Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo. Kuma yadda tsarin jami'o'in ƙasar nan yake, akan ɗauki malami saboda digirinsa na lissafi ko na ilmin noma, sa'an nan wata rana a ba shi takarda a ce shi ne mai kula da 'yan aji biyu, ko shi ne mai lura da ɗakin kwanan ɗalibai. Digirin nan bai koya masa kome game da yaron da ya daina cin abinci ba, ko yarinyar da ta kwana uku ba ta fito daga ɗaki ba.

Kada a ce muna zargin malamai. Akwai da yawa daga cikinsu da ke ciro kuɗin aljihunsu su biya wa ɗalibi kuɗin makaranta, alhali su ma albashin bai kai su ƙarshen wata. Abin da muke cewa shi ne kyakkyawar zuciya dabam, sanin hannu dabam.

A ce ga yaro daga wani ƙauye na ƙasar Maiyama, shi ne na fari a gidansu da ya taka jami'a. Ya zo da guzurin gari da ƙuli-ƙuli, da nauyin fatan dukan dangi a kansa. Zango na fari ya faɗi darasi uku. Kunya ta hana shi faɗa wa mahaifinsa, kuɗi suka ƙare, barci ya ƙaurace masa, wani aboki ya miƙo masa ƙwaya ya ce ta karatu ce. Wa zai fara ganin alamar? Ba shugaban jami'a ba ne, ba kuma likita ba. Mai gadin ɗakin kwana ne zai ga ya rame. Akawun sashe ne zai ga ya zo neman sakamako hannunsa na rawa. Malamin ajinsa ne zai ga kujerarsa ba kowa. Waɗannan su ne ƙofar farko, kuma galibi su ne ake mantawa da su in an zo rabon kwas da taron bita.

Halin da ɗalibai ke ciki ba ɓoyayye ba ne. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ci wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo. Binciken da aka gudanar a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne ke shaye-shaye a Nijeriya, kuma a shekarar nan ce Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin. A 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da maganin ƙwarin nan Sniper, bayan da aka yi ta samun labarin matasa, har da ɗaliban jami'a, suna halaka kansu da shi. Allah Ya kiyashe mu.

Nan kusa ma, a watan Oktoba na 2024, ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya ta Jega suka yi bore, suka cinna wa gidan shugaban kwalejin wuta bisa zargin an karɓi kuɗi daga hannunsu ba bisa ƙa'ida ba, har aka rufe makarantar. Ba namu ba ne mu yanke hukunci a kan zargin, ƙone-ƙone kuwa ɓarna ce da babu mai hankalin da zai goyi bayanta. Amma duk ma'aikacin da ya taɓa riƙe ofis ya san wuta ba ta tashi rana ɗaya. Ƙorafi yakan yi ta yawo a ɗakunan kwana mako da makonni. Makarantar da ke da ma'aikatan da suka iya sauraron kuka, suka kuma san inda za su kai shi, takan ji hayaƙi tun bai zama harshen wuta ba.

Magabata ba su bar wannan fanni ga sa'a ba. Badaruddin Ibnu Jama'a, babban alƙalin Masar wanda ya rasu a 733 ta Hijira, watau 1333, ya rubuta littafi sukutum kan ladubban malami da almajiri. A ciki ya ɗora wa malami nauyin cigiyar ɗalibin da ya daina zuwa, da gaishe shi in ba shi da lafiya, da rage masa damuwa in ya shiga ƙunci. Shi kansa Shehu Abdullahi, wanda jami'ar Aliero ke ɗauke da sunansa, ya wallafa Ida'un Nusukhi domin ya ambaci malaman da ya yi karatu a wurinsu, ya kuma taƙaita Madkhal na Ibnul Hajji a cikin Lubabul Madkhal, inda ake zancen ladubban ma'abota ilmi. A makarantar zaure almajiri yakan koyi riƙon ɗalibai ta kallon malaminsa shekara da shekaru, kamar dai mai koyon ɗori. Jami'a ta zamani ta yi girman da wannan ba zai yiwu ba. Malami guda yana iya tsayawa gaban ɗalibai ɗaruruwa. Saboda haka abin da dā ake sha a zaure, yanzu sai an tsara shi an koyar.

A wasu ƙasashe an yi hakan. A Ostireliya, a shekarar 2000, Betty Kitchener da Anthony Jorm suka ƙirƙiro wani gajeren kwas na taimakon gaggawa ga mai damuwar zuciya, wanda ake gamawa cikin kwana biyu, ya kuma bazu zuwa ƙasashe da dama. Ba ya mai da mutum likita. Yana koya masa ya gane alama, ya saurara ba tare da tsawa ko gori ba, ya yi tambaya kai tsaye in ya ji tsoron mutum zai cuci kansa, sa'an nan ya miƙa shi ga masana. A Ingila kuma, a 2019, ƙungiyar Student Minds ta fito da wata yarjejeniya da ke neman jami'a ta ɗauki lafiyar hankalin ɗalibai da ta ma'aikata aikin kowa da kowa. Ba mu ce a kwaso nasu a juye a Aliero ba. Yaronmu ba zai ce yana da ciwon damuwa ba, sai dai ya ce kansa ke ciwo, ko ƙirjinsa ya yi nauyi, ko an yi masa sammu. Dole mai horaswa ya san wannan harshe, ya kuma san cewa ɗaliba ba za ta buɗe cikinta ga namiji a ofis ba, don haka sai an horas da mata isassu.

Kuɗin fa? Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana da kaso na musamman domin ƙaro ilmin malamai, kuma ta nan mutane da yawa suka sami digiri na biyu da na uku. Madalla da wannan. Sai dai kuɗin da a dā ake kashewa a kai mutum guda ƙasar waje zai isa a tara masu gadi da akawuna da malaman aji a zaure ɗaya, a kawo masani daga asibitin masu taɓin hankali na Kware, ko daga ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa, watau CASSON, a yi masu bita ta kwana biyu kafin sababbin ɗalibai su iso. A kuma maimaita kowace shekara, domin bitar da aka yi sau ɗaya aka ɗauki hoto aka watse, asarar shayi ce kawai.

Abubuwan da za a koyar ba su da wuya, amma akwai guda da muke so a tsaya a kansa, shi ne riƙon asiri. Ɗalibin da ya faɗa wa malami damuwarsa da safe, ya ji ta a bakin 'yan ajinsu da la'asar, ba shi kaɗai aka rasa ba, an rasa duk wanda ya ji labarin. Sai a koya wa ma'aikaci abin da zai binne a cikinsa, da abin da tilas ya kai gaba saboda rai na cikin haɗari. Dokar lafiyar hankali da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ƙarfafa haƙƙin mara lafiya na a tsare masa sirri da mutunci. Haka nan ya kamata kowane malamin aji ya san yadda ake neman rancen karatu na NELFUND da aka buɗe a 2024, domin sau da yawa abin da ya hana yaro barci bashin mai abinci ne. Kuma a sa wannan hidima cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma. Muddin takardun bincike kaɗai ake ƙirgawa, malami zai rufe ƙofarsa ya yi rubutu, ba kuwa za mu ga laifinsa ba.

Ku kuma attajiran Jega da dillalan albasa na Aliero, kun saba gina masallaci da haƙa rijiya, Allah Ya saka. Ɗaukar nauyin bita irin wannan bai kai kuɗin mota guda ta albasa ba. Iyaye kuwa, ranar da kuka kai yaro makaranta, kada ku tsaya ga karɓar rasit. Ku nemi malamin ajinsa ku gaisa, ku karɓi lambar wayarsa ku ba shi taku, sa'an nan ku tambaye shi: in yaron nan ya kwana bakwai bai shigo aji ba, wa zai sani, kuma wa zai kira mu?