Wa Ya Raɗa wa Hanyoyin Kongolam Suna Ɓarayi?

A bakin jami'an gwamnati da na jaridu, hanya ɗaya ce tak ta halal a Kongolam: kwaltar da ta taso daga Daura, ta shiga ƙaramar hukumar Mai'aduwa, ta dangana da shingen kwastam, ta faɗa Ɗan Barto a ƙasar Nijar, daga nan ta miƙa Matamaye da Damagaram. Duk wata turba da ta kauce wa wannan kwalta, ko burtali ne ko hanyar amalanke, suna ɗaya aka yi musu: ɓarauniyar hanya. Sunan ya kama baki har mutanen da aka haifa a gefen hanyoyin suna kiran su da shi. Wannan suna ƙage ne, kuma ƙage ne mai tsada, domin a bayansa hukuma ta samu wurin fakewa. Hanyar da aka kira ɓarauniya ba a ware mata kuɗin gyara, ba a sa ta a taswira, kuma duk ƙaramar motar da aka gani a kanta an riga an yanke mata hukunci kafin a buɗe bayanta.

Hanya ta girmi iyaka

Iyakar Najeriya da Nijar, mai tsawon kimanin kilomita 1,500, a kan teburin Turawa aka haife ta. Ingila da Faransa sun fara shata ta a yarjejeniyar 1890, suka sake ja-in-ja a kanta a 1898 da 1904 da 1906, sannan tsakanin 1906 da 1908 tawagar Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila ta bi ƙasa tana kafa alamomi. Kafin wannan tawaga ta iso, ƙasar Daura ta daɗe da hanyoyinta. Fatake suna bin su da jakuna da raƙuma tsakanin Kano da Damagaram, makiyaya suna kora dabbobi ta cikinsu, ana kai amarya ta kansu, ana zuwa ta'aziyya. Bayan jihadi, lokacin da gidan sarautar Daura na asali ya koma Zango da Baure, mu'amalar waɗannan garuruwa da Damagaram ta ƙara ƙarfi, kuma a kan irin waɗannan turbobi ta gudana. Layin Turawa ne ya zo daga baya ya gitta su. Idan har akwai wanda ya shigo gonar wani, to layin ne.

Sanin wannan tarihi ba ya soke iyaka. Ƙasashe biyu ne yau, kowace da dokarta da harajinta. Amma yana nuna cewa mafi yawan abin da ake kira ɓarauniyar hanya a ƙananan hukumomi biyar na masarautar, wato Daura da Mai'aduwa da Zango da Sandamu da Baure, hanyoyi ne na gona da kasuwa da asibiti. Da yawansu ma ba sa ƙetare iyaka ko kaɗan. Laifinsu kawai shi ne suna kusa da ita.

Darasi daga wani tsibiri

A kudancin Japan akwai tsibirin Amami Oshima, mai ɗumi da yawan ruwan sama da dazuzzuka masu duhu. A 2021 hukumar UNESCO ta sa shi, tare da wasu tsibirai na yankin, cikin jerin wuraren gado na duniya. Baƙi suna zuwa su yi hayar ƙananan motoci su bi tsofaffin hanyoyin daji, kuma wannan yawo ya zo da haɗarinsa: motoci suna take wani irin baƙin zomo da babu shi a ko'ina sai can da tsibirin da ke maƙwabtaka da shi. Hukumomin wurin ba su rufe daji ba, ba su kuma kira direbobi masu laifi ba. Sun tantance hanyoyin ɗaya bayan ɗaya. Wani daji aka ce ba a shiga sai da ɗan jagora mai lasisi, wata hanya aka ƙayyade yawan motocin da za su bi ta da dare da irin gudun da za su yi.

Kongolam ba tsibiri ba ne, kuma matsalarsa ta wuce ta zomo. Abin ɗauka shi ne tsarin tunanin: hukuma ba ta iya sa wa hanya doka sai ta san ta, kuma ba ta sanin ta sai ta bi ta. A can, ƙaramar mota mai jan ƙafa huɗu ita ce abin hawan manomi da ma'aikacin daji da ɗan yawon buɗe ido. A nan, irin wannan mota a kan rairayi hujja ce ta tuhuma.

Motar da ƙasar ke nema

Ƙasar Daura jigawa ce. Da rani rairayi ne mai zurfi, da damina kuma ruwan wata uku zuwa huɗu yana yanka hanya ya bar kwazazzabai. Abin da ke kafe mota a rairayi shi ne nauyi da kuma dogaro da ƙafa biyu wajen ja. Mota mara nauyi wadda ƙafafunta huɗu ke ja tare, idan direba ya rage iskar taya don ta baje a kan yashi, takan wuce inda babbar mota za ta tona wa kanta rami. Faɗi ma yana da muhimmanci, domin burtalin da aka killace da aguwa dama da hagu an yi shi ne daidai shanu da amalanke.

Masu ƙera motoci sun daɗe da gane haka. Kamfanin Suzuki ya fitar da Jimny a 1970 da injin da bai kai cc 360 ba, kuma samfurin da ake sayarwa a cikin Japan yau injinsa cc 660 ne, tsawonsa bai kai mita 3.4 ba, nauyinsa tan ɗaya da 'yan kai. Tarayyar Sobiyet ta fitar da Lada Niva a 1977 saboda ƙauyukanta, Italiya ta yi Fiat Panda mai jan ƙafa huɗu a 1983, Indiya kuma ta ɗora sojojinta da 'yan sandanta a kan Maruti Gypsy shekaru da dama. Ko ƙananan motocin nan na Hijet da suka cika titunan Arewa, asalinsu motocin manoman Japan ne, kuma akwai samfurinsu mai jan ƙafa huɗu.

Direbobin karkara ba su jira wani ya koya musu wannan ba. Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975 ta yi suna ne saboda tsayin ƙafarta da jure wahalarta, kuma har yau a-kori-kurarta tana ɗaukar buhunan gero da wake ranar kasuwa. Da ta tsufa, tsofaffin Golf da babura suka karɓa. Waɗannan motoci ƙafa biyu kawai suke ja. Gwanintar direba da ƙarfin masu turi ne ke cike gurbin.

Hukuma kuwa a ɗaya gefen ta tsaya. A watan Oktoba na 2023 aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan manyan motocin da aka saya wa 'yan Majalisar Wakilai su 360, waɗanda rahotanni suka ce kowace ta kai kusan naira miliyan 160. Hujjar da aka bayar ita ce rashin kyawun hanyoyin mazaɓu. Mota mai nauyin fiye da tan biyu, mai baƙin gilashi, wadda aka saya da sunan hanyar ƙauye, ba ta cika sauka daga kwalta ba sai lokacin yaƙin neman zaɓe. Ma'aikaciyar lafiya da malamin gona da sufeton makaranta, waɗanda aikinsu ke can ƙarshen turba, su ne ke jiran ɗan acaɓa.

Abin da rufewa ta haifar

Masu kare sunan ɓarauniyar hanya suna da magana, kuma ta cancanci a saurare ta. Fasa-ƙwauri gaskiya ne. Shinkafa ta shigo ta waɗannan hanyoyi, man fetur ya fita ta cikinsu, haka nan ƙwayoyi da makamai, kuma masu safarar mutane sun sha ratsa wannan yanki da matasa da 'yan mata a kan hanyar Agadas da Libiya. Jami'in da aka ajiye a Kongolam da bindiga ɗaya da mota ɗaya yana fuskantar haɗari na gaske. Babu mai hankalin da zai ce a bar iyaka sake.

Tambayar ita ce me maganin da aka sha ya yi. A 2016 aka hana shigo da shinkafa ta iyakokin ƙasa. Daga ranar 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta nan. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin, a watan Nuwamba kuma hukumar kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Wannan umarni na ƙarshe bai bambanta ɗan fito da manomi mai injin ban-ruwa ba, ko mai injin niƙa, ko direban da zai kai mai naƙuda asibiti. Duk an mayar da su masu neman mai a jarka. Da aka fara buɗewa a watan Disamban 2020, Seme da Illela da Maigatari da Mfum aka ambata. A watan Afrilun 2022 aka ƙara Idiroko da Jibiya da Kamba da Ikom. Sunan Kongolam bai fito a ko ɗaya daga cikin jerin biyu ba. Sai juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya jawo takunkumin ECOWAS, aka sake garƙamewa har zuwa watan Maris na 2024.

Kowace rufewa abu ɗaya ta yi: ta kori zirga-zirga daga ƙofar da ake gani zuwa turbar da ba a gani, ta kuma ɗaga farashin bin ta. Mai babban jari yana da hanyar sasantawa. Wanda ke ɗauke da tiya biyu ta gero zuwa gidan surukansa shi ne ke biyan na goro a kowane shinge. Abin da ya fi karya lagon fitar da fetur shi ne janye tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, domin ribar ta tsuke. Bambancin farashi ne ke haifar da fasa-ƙwauri. Hanya bin ta kawai ake yi.

Akwai kuma asarar da ba a lissafawa. Jami'in tsaro ba ya sanin daji sai ta bakin mutanen daji. Ranar da aka ɗauki ƙauye sukutum a matsayin maɓoyar 'yan sumoga, ranar aka rufe bakin mai unguwar da zai iya cewa ga baƙuwar mota ta wuce da dare. Mutumin da ake tatsa ba ya kai rahoto.

Aikin da ke gaban hukuma

Daura ba ta rasa manyan ayyuka ba. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021 a kan kuɗi kusan dala biliyan biyu, ta Daura zai bi, ga kuma Jami'ar Sufuri ta Tarayya a garin. Amma jirgin ƙasa ba ya shiga gona. Buhun da zai hau shi sai ya fara bin turba, kuma idan turbar ta yanke a watan Agusta, tashar jirgi ba ta da amfani ga mai buhun.

Aikin farko ba shi da tsada. A ɗauki 'yan ƙananan motoci masu jan ƙafa huɗu, a haɗa ɗalibai da malaman jami'ar nan da direbobin da suka san ƙasa da wakilan hakimai da dagatai, su bi kowace turba a ƙananan hukumomin masarautar, sau ɗaya da rani, sau ɗaya da damina. Wayar hannu ta isa ta ɗauki layin hanya a ɗora shi a taswira. A rubuta sunan da mutane ke kiran kowace hanya da shi, da ƙauyukan da take haɗawa, da inda take yankewa, da wadda ke ƙetare iyaka da wadda ba ta ƙetarewa. Idan jami'ar sufuri ba ta san hanyoyin da ke bayan katangarta ba, da wuya a gane me take koyarwa.

Daga wannan taswira sauran za su biyo baya. Jihar Katsina tana cikin shirin RAAMP na hanyoyin karkara da Bankin Duniya ke tallafa wa. Taswirar ce za ta nuna inda kwalbati ɗaya zai ceci ƙauyuka goma, don kada a maimaita labarin DFRRI ta 1986, wadda burjinta da yawa damina ta cinye saboda babu mai gyara. Asibitocin ƙauye su samu ƙaramar mota mai iya rairayi maimakon babbar motar ɗaukar marasa lafiya da ke ajiye a harabar sakatariya. 'Yan turbobin da ke ƙetare iyaka kuwa, a zauna da hukumomin Nijar ta ƙarƙashin Hukumar Haɗin Gwiwar Najeriya da Nijar, wadda ke aiki tun 1971, a amince da wasunsu a matsayin ƙananan mashigai na mazauna yankin, da ranaku da ƙa'idar kayan da za a wuce da su. Ficewar Nijar daga ECOWAS a watan Janairun 2025 ta ƙara wa wannan zama muhimmanci, tunda yanzu magana ta koma tsakanin maƙwabta biyu. Idan aka ware hanyar jama'a aka ba ta suna da doka, wanda ya kauce mata da tsakar dare ya bayyana kansa, kuma jami'i ya san inda zai sa ido.

Sunan ɓarauniyar hanya ya yi wa masu mulki rana, domin ya mayar da gazawarsu laifin talaka. Matar da ta haihu a bayan a-kori-kura saboda mota ta kafe a rairayi ba ta saci komai ba, kuma turbar da ta kafe a kai tana nan tun kafin a san kwastam. Hakkin waɗannan hanyoyi ne a ƙidaya su, a gyara su, a kira su da sunayensu.