Ku Daina Ƙirga Kawuna

'Yan'uwa matasa, duk sa'ad da ɗan mishan ya zo hutu daga Cadi ko Burkina Faso, tambayarmu ɗaya ce: "Membobinku nawa?" In ya ce ba su kai ashirin ba, sai mu taɓe baki, baikon mishan ma ya ragu. Wannan rashin adalci ne.

Kun san yadda yake yini? Shi ne fasto, shi ke share majami'a, shi ke kaɗa ganga. Da safe yana fama da Faransanci kamar ɗan firamare, da yamma yana gaida marasa lafiya. Matarsa tana suyar ƙosai don kuɗin makarantar yara, domin tallafinmu bai iso ba.

A 1893 Bingham, Gowans da Kent suka sauka Legas. A 1894 Gowans da Kent suka rasu. Sai 1902 aka kafa tashar farko a Patigi. Da masu aikowa sun janye hannu saboda ƙarancin tubabbu, ina za mu sami ECWA? Manzo Bulus ma da taron mata a bakin kogi ya fara a Filibi.

Ku ba da baikonku a kan lokaci, ku kira su a waya, ku ambaci sunayensu cikin addu'a. Ubangiji ya taimake mu. Amin.