Hutu Mai Tsada: Shin Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ba mu dukiya a matsayin amana, kuma zai tambaye mu a kanta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammad (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya 'yan uwana matasa, da zarar an ba da dogon hutun makaranta, ko an shiga hutun ƙarshen shekara, sai ka ga hotuna sun cika Facebook da Instagram: wannan ya kai iyalinsa Dubai, wancan yana tsaye gaban fādar Disney a Amurka, wata tana nuna ɗakin otal da tagarsa ke kallon teku. Mai kallo kuwa, musamman saurayin da bai daɗe da aure ba, sai ya fara jin kamar ya gaza a wajen iyalinsa. Daga nan tambaya take tasowa: shin irin wannan hutu ya cancanci dukiyar da ake zuba masa? Amsata ita ce, ga mafi yawan masu sha'awarsa bai cancanta ba, kuma ko ga mai halin ma akwai ɓangaren da asara ce tsagwaronta.

Kada wani ya fahimce ni a kan cewa hutawa ko wasa haramun ne. Allah (SWT) a Suratul A'araf, aya ta 32, Ya yi inkari ga masu haramta adon da Ya fitar wa bayinSa da daɗaɗan abubuwa na arziki. Annabi (SAW) ya yi tseren gudu da Uwar Muminai A'isha (RA), ya kuma tsaya ya kare ta da mayafinsa tana kallon Habashawa suna wasa da māsu a cikin masallaci. Da Hanzala (RA) ya zargi kansa da munafunci saboda yakan shagala da mata da 'ya'ya idan ya bar majalisin Annabi, an kwantar masa da hankali cewa kowane abu da lokacinsa, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim. Saboda haka uban da ya fita da yaransa su yi dariya su yi lilo, yana cikin alheri. Maganarmu a kan farashi take, da kuma abin da ake sayar mana a ƙarƙashin sunan hutu.

Mu ɗauki Disney misali, tunda ita ce uwa a wannan sana'a, daga gare ta sauran suka koya. An buɗe Disneyland a garin Anaheim na jihar Kalifoniya a 1955, sannan aka buɗe babbar, wato Walt Disney World, kusa da Orlando a jihar Fulorida ranar 1 ga Oktoba, 1971. A ranar buɗewar, kuɗin shiga ƙofa ga babban mutum dala uku da rabi ne, ko da yake a lokacin ana sayen tikitin hawa kayan wasa daban. Yau tikitin yini ɗaya, na fili ɗaya daga cikin filayen huɗu, ya haura dala 100 ga mutum guda, kuma farashin yana canzawa da kwanan wata: ranakun da yara suke hutu, waɗanda su ne kaɗai ranakun da yawancin iyalai za su iya zuwa, su suka fi tsada.

To wannan kuɗin ƙofa ne kawai. Da ka shiga sai ka tarar da layi, domin kayan wasan da suka yi suna akan tsaya musu sama da sa'a ɗaya a ranakun cunkoso, don hawan da bai wuce 'yan mintoci ba. A 1999 kamfanin ya fito da wani tsari mai suna FastPass, wanda kowa zai iya kama lokaci kyauta ya dawo ya hau ba tare da dogon jira ba. A 2021 aka soke shi aka kawo na biya, wanda a yanzu ake kira Lightning Lane. A ƙarshen 2024 kuma aka ƙara wani mataki a samansa, wanda kuɗinsa a wasu ranaku kan haura dala 400 ga mutum ɗaya a yini ɗaya, ban da tikitin shiga. Motar da take ɗauko masu sauka a otal-otal ɗin kamfanin daga filin jirgi kyauta, ita ma an dakatar da ita a farkon 2022. Ku lura da kyau, ya 'yan uwa: wanda ya cika filin da jama'a har layi ya yi tsawo, shi ne kuma yake sayar maka da hanyar tsallake layin. Mai ƙaramin ƙarfi da ya yi shekara biyu yana tari, yana tsaye cikin rana da yaransa, wasu na wuce shi ta ƙofar gefe. Yaron da aka kai don ya yi farin ciki, darasin farko da zai ɗauka a wurin shi ne akwai waɗanda suka fi babansa.

Wani abin da ya faru a can ya isa izina. A watan Maris na 2022 Disney ta buɗe wani otal mai suna Galactic Starcruiser, wanda aka gina shi kamar jirgin sama jannati na fim ɗin Star Wars. Ɗakunansa ba su da tagar gaske, sai allon da ke nuna taurari. Kwana biyu ga iyali mai mutum huɗu ya kai kusan dala 6,000. Bai cika shekara biyu ba aka rufe shi, a watan Satumba na 2023. Wato hatta Amurkawan da ake yi dominsu, da suka auna, sai suka ga abin ya wuce gona da iri. Idan ka juya wannan kuɗi a canjin ƙarshen 2024, lokacin da dala ɗaya ta haura naira 1,500, ka samu sama da naira miliyan tara. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Nijeriya a wannan shekarar naira 70,000 ne a wata, ka ga ke nan albashin ma'aikaci na fiye da shekara goma a kwana biyu.

Na san mutanenmu sun fi zuwa Dubai a kan Orlando, saboda kusa, da sauƙin samun abincin halal da wurin sallah, kuma waɗannan dalilai ne masu kyau. Amma tsarin cinikin ɗaya ne. Otal ɗin Atlantis da aka buɗe a 2008 a kan tsibirin da aka cike teku aka yi shi da siffar bishiyar dabino, an haɗa shi ne da filin wasan ruwa da gidajen abinci da kantuna, domin kada baƙo ya sami dalilin fita, kuma duk abin da zai saya a ciki farashin ciki ne. Wasan ruwan nan ma akwai magana a kansa, domin mai kishin iyalinsa ya san irin shigar da ake yi a wurin, kuma runtse ido a can ba ƙaramin aiki ba ne. Sau da yawa sai a biya kuɗin komai, a ƙare uwar gida tana zaune a gefe da jakunkuna tana gadin takalma.

Mene ne ma'aunin shari'a a nan? Malamai sun bambanta israfi da tabziri. Israfi shi ne wuce iyaka a abin da asalinsa halal ne, tabziri kuwa zuba dukiya ne a inda bai dace a zuba ta ba ko kaɗan, kuma Suratul Isra'i, aya ta 26 da ta 27, ta danganta masu yin sa da shaiɗanu. Suratul Furƙan, aya ta 67, ta yabi bayin Allah da suke tsakaita ciyarwa tsakanin ɓarna da ƙwauro. Wannan tsaka-tsakin ba adadi ne guda da ya hau kan kowa ba. Yana bin halin mutum. Attajirin da ya fitar da zakkarsa, babu bashin kowa a kansa, ya sauke haƙƙin iyayensa da ma'aikatansa, idan ya kai iyalinsa irin wannan wuri ya kiyaye sallarsa da idonsa, ba ni da hujjar ce masa ya yi laifi. Sai dai waɗanda suke tambaya a kan wannan batu galibi ba su ne wannan attajirin ba. Ma'aikacin banki ne, ko ɗan kasuwar da jarinsa bai gama tsayawa ba, wanda zai haɗa kwasar adashi da rancen ofis, wani ma har da bashi mai kuɗin ruwa, don a yi kwana biyar a dawo. Shi wannan ya sani Annabi (SAW) ya kasance yana yawan neman tsari daga bashi, kuma ya bayyana dalili: mai bashi yakan kai ga yin ƙarya da saɓa alkawari. An kuma ruwaito cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa. Bashi don magani ko don kuɗin makaranta lalura ce. Bashi don hawa lilo a wata ƙasa fa, da wane suna za a kira shi? Idan kuma riba ta shigo ciki, magana ta tashi daga israfi ta koma babban zunubi.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce, ai don yara ake yi, don su sami abin tunawa. Wanda ya zauna da yara a aji ya san abin da suke dawowa da shi bayan hutu. Ƙaramin yaro ɗan shekara huɗu ko biyar, abin da zai ba ka labari shi ne jirgin da ya hau da alawar da aka saya masa. Da gidan zu na Kano aka kai shi, da zumuɗinsa bai gaza haka ba. Manyan kuwa, abin da na fi gani a Islamiyya shi ne labarin ya zama makamin gori, sai ɗan da ubansa bai kai shi ko'ina ba ya koma gida da kukan zuci. Abin da yaro yake buƙata shi ne ya sami ubansa yini guda cur, babu waya a kunne, babu gaggawar fita. Wannan ana samunsa a Yankari, ana samunsa a ziyarar kakanni a ƙauye, wadda ta haɗa hutu da sada zumunci. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya: da za a hana ɗaukar hoto a waɗannan wurare, mutum nawa ne za su fasa tafiyar? Annabi (SAW) ya umarce mu da duban na ƙasa da mu a sha'anin duniya don kada mu raina ni'imar Allah, alhali waɗannan shafuka aikinsu kullum su nuna mana na sama.

Ɓangaren da na ce asara ne ko ga mai hali shi ne otal. Wanda ya je filin wasa zai fita tun da safe, ba zai dawo ba sai dare ƙafafunsa sun yi tsami. Ɗakin da ya biya ninki uku ko huɗu dominsa, barci kawai ya yi a ciki, kuma mai barci bai san tagarsa teku take kallo ko bango ba. Abin da otal-otal ɗin Disney na Orlando suke ba kowane mai sauka a cikinsu na fifiko a kullum, shi ne shiga fili minti 30 kafin sauran jama'a. Sai mutum ya lissafa da kansa nawa ya sayi kowane minti.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan ɗabi'a ta biyo mu har wurin ibada. Tun da aka rushe ganuwar Ajyad ta zamanin Usmaniyya a 2002, aka gina dogayen benayen Abraj al-Bait masu babban agogon nan a ƙofar Harami, Umara ta samu matakai irin na wuraren shaƙatawa: ɗaki mai kallon gari, ɗaki mai kallon Harami, ɗaki mai kallon Ka'aba, kowanne da farashinsa, kuma a goman ƙarshe na Ramadan sai ya ninka ya sake ninkawa. Tsoho, da maras lafiya, da mace mai ƙananan yara, kusancin masauki rahama ne gare su, duk abin da aka biya dominsu ya ci kuɗinsa. Amma saurayi lafiyayye da zai iya tafiyar minti ashirin, me ya saya? Lokacin da Banu Salima suka so su taso daga unguwarsu su dawo kusa da masallacin Madina, Annabi (SAW) ce musu ya yi su zauna inda suke, domin ana rubuta musu takunsu. Yanzu kuwa har akwai wanda zai bi liman daga cikin bene, yana kallon masu ɗawafi ta gilashi, alhali da ƙafarsa.

Saboda haka duk wanda kamfanin tafiye-tafiye ya kawo masa tsari dunƙule, na Umara ne ko na hutu, ya nemi a rarraba masa shi: nawa ne jirgi, nawa ne biza, nawa ne otal a kowane dare, kuma nawa zai ragu idan aka sauke shi a otal mai tsafta da ke ɗan nesa. Wasu ba sa son wannan tambaya, domin a nan ribarsu take. Idan bambancin ya fito a rubuce, sai ya ajiye shi kusa da kuɗin makarantar ƙannensa na zangon da ke tafe, ya nuna wa uwar gida, su yanke shawara tare.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum.