Bazara da Ma'aikaci: A Gyara Lokaci Kafin a Zargi Mutum

Daga tsakiyar watan Maris zuwa faɗuwar ruwan farko, a ƙasar Wonaka da maƙwabtanta na Gusau da Tsafe da Bungudu, rana kan yi ƙunar da ma'aunin zafi zai haura digiri 40. A wannan lokaci ne shugabannin wuraren aiki suka fi yawan kuka da na ƙasa da su. Hedimasta zai ce malamai sun koma gindin darbejiya sun bar azuzuwa, shugaban sashe a sakatariyar ƙaramar hukuma zai ce kafin Azahar ofis ya watse, ɗan kwangila kuma zai ce leburori sun karɓi kuɗin yini sun yi aikin rabin yini. Maganin da aka saba yi shi ne tsawa, da ɗauke rajistar sa hannu, da takardar tuhuma. Shekara da shekaru ana yin haka, amma bazara ba ta taɓa jin tsoron takardar tuhuma ba.

Gaskiyar magana ita ce, mafi yawan abin da ake kira lalaci a bazara gazawar jiki ce. Zafin jikin ɗan'adam yana tsayawa ne a wajen digiri 37, kuma idan na waje ya zarce haka, gumi ne kaɗai hanyar da ta rage wa jiki ya sanyaya kansa. Mai aikin ƙarfi a rana yana iya zubar da gumin da ya kai lita guda a cikin awa ɗaya. Idan bai mayar da wannan ruwa ba, sai kasala da ciwon kai da saurin fushi su biyo baya, hankali kuma ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Ga kuma daren bazara da ba ya barin mutum ya yi barcin kirki, musamman inda babu lantarki, ta yadda ma'aikaci kan zo aiki da gajiyar jiya a jikinsa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a rahotonta na shekarar 2019, ta yi hasashen cewa zuwa 2030 zafi zai cinye kusan kashi 5 cikin 100 na awoyin aiki a Afirka ta Yamma, abin da ya yi daidai da aikin mutum miliyan 9. Alamu kuma ba su nuna sauƙi ba, domin shekarar 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi, kuma a watan Afrilunta ne garin Kayes na ƙasar Mali ya ga digiri 48.5.

Abin mamaki, manomin Wonaka da bai taɓa ganin wannan rahoto ba ya daɗe da sanin abin da ke cikinsa. Bazara ba lokacin hutu ba ce a gare shi, domin a cikinta ake sharar gona da sassabe da kai taki, a cikinta ake gyaran rumbu da rufin ɗaki kafin damina. Sai dai ya raba yininsa yadda rana ba za ta ci shi ba. Da an sallame Asuba ya ɗora wa jaki mangala, kafin hantsi ya dubi ludayi ya yi sahu uku ko huɗu, rana na take tsaka ya koma inuwa ya dama fura ya yi ƙailula, sai bayan La'asar ya sake fita. A inuwar ma ba zaman banza yake yi ba, yana tufka igiya ko saƙar zana, wato aiki mai nauyi da sanyin safiya, mai sauƙi da tsakar rana. Addini ma ya yi wannan rangwame, tun da an halatta jinkirta sallar Azahar idan zafi ya tsananta. Jadawalin ofis da na makaranta ne kaɗai suka tsaya kyam, Janairu da Afrilu duk ɗaya, kamar an saukar da su daga sama.

Ba a saukar da su daga sama ba, kuma wasu ƙasashe sun tabbatar da haka da doka. Saudiyya ta hana sa ma'aikaci aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na rana, tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. Ƙatar, tun 2021, ta faɗaɗa nata hanin daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30. A nan gida ma, jihohin Kano da Katsina da Kebbi da Bauchi sun rufe makarantu a watan azumin 2025. An yi ta muhawara a kan dacewar wannan mataki, kuma masu cewa rufe makaranta wata guda ya yi yawa ga yankin da yaransa ke baya a karatu suna da hujja. Amma ko ba komai, ya nuna cewa hukuma tana iya taɓa jadawali idan ta ga dama. Wanda ya iya rufewa gaba ɗaya ba zai kasa matso da lokacin buɗewa da awa guda ba.

Ga makaranta, wadda ita ce ma'aikatar da ɗalibin kwalejin ilimi zai tsinci kansa a ciki, gyaran ba ya buƙatar kasafin kuɗi. A shiga aji ƙarfe 7, a taƙaita taron safe, a sa Lissafi da Turanci da Kimiyya a darussa uku na farko lokacin da malami da ɗalibi ke da sauran kuzari, a tura karatun labari da zane da aikin hannu zuwa ƙarshe, a tashi kafin ƙarfe 12. Taron malamai da gyaran takardun jarrabawa, waɗanda sukan faɗo a ƙarshen zango na biyu, a yi su da safe ko a bar malami ya yi a gida da yamma. Hedimasta ya auna malaminsa da abin da aka koyar da abin da yara suka fahimta. Malamin da ya yi zaman dirshan a ofis har ƙarfe 2 yana fifita da littafin darasi bai ƙara wa kowa komai ba.

A nan akwai wata ƙorafi mai nauyi da ba za a tsallake ba. Da yawa daga malaman ƙauyukan wannan yanki a Gusau suke kwana, kuma rashin tsaron da ya addabi Zamfara shekaru da dama ya sa fita hanya da duhun asuba ya zama ganganci. Ba wanda zai ce wa malami ya sayar da ransa don gudun rana. Wannan ne ma ya sa bai kamata a yanke lokaci guda daga hedikwata a ɗora wa kowa ba. Makarantar cikin garin Bungudu da ta ƙauyen bayan Wonaka ba halinsu ɗaya ba. A ba hedimasta da kwamitin gudanar da makaranta ikon tsara lokacinsu, sakataren ilimi ya sa hannu, muddin awoyin karatu na mako sun cika. Inda sammako ba zai yiwu ba, malaman da ke zaune a garin su ɗauki darussan farko.

Bayan lokaci sai ruwa da inuwa. Randa biyu a baranda, da wanda aka ɗora wa alhakin cika su, sun fi dogon jawabi a kan kishin aiki amfani. Masana lafiyar ma'aikata suna ba da shawarar mai aiki a zafi ya sha kofi guda duk bayan minti 15 zuwa 20, tun kafin ƙishirwa ta kama shi. Mai azumi kuwa, sauƙinsa a rage masa aikin rana ne. Batun gini ya fi waɗannan tsada, amma shi ne tushen wahalar. Ajin bulo mai rufin kwano ba silin, da yara tamanin a ciki da tagogi biyu, tanderu ne da tsakar rana, alhali soron ƙasa da azara da kakanni suka gina yana riƙe sanyi har La'asar. Cunkoso a ɗakin da ba iska yana kuma taimaka wa yaɗuwar sanƙarau, kuma Zamfara ba ta manta da annobar 2017 ba, wadda daga cikinta ta faro ta kashe fiye da mutum dubu a faɗin Nijeriya. Masanin zanen gini Francis Kéré ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando na Burkina Faso a 2001 da tubalin ƙasa, ya ɗaga kwanon sama da silin yadda iska za ta ratsa tsakani ta kwashe zafin. Ƙasar da ya yi aiki da ita ba ta fi ta Tsafe kyau ba.

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Hedimastan da ke son malamansa su yi aiki a Afrilu, tun a Janairu zai zauna da su a tsara jadawalin bazara, a sayi randuna, a gyara tagogin da aka toshe da kwali saboda hunturu. Darbejiyar da za ta yi wa ajin yamma inuwa kuwa, a watan Yuli ake dasa ta, a kewaye ta da ƙaya saboda awaki, a raba wa 'yan aji shida kwanakin ban ruwa.