Ba Bita a Otal Ke Gina Ƙungiya Ba

Duk shugaban ƙungiyar sa-kai da ka tambaya a Wudil me ya tsayar da aiki, amsarsa ba ta wuce biyu: babu tallafi, kuma ba a gayyatar mu bita. Ƙungiyar matasa haka, ta mata haka, ta raya unguwa ma haka. An nanata maganar har ta zauna a zukata. Ni kuwa na ce yaudarar kanmu muke yi. Abin da ke kashe ƙungiyoyinmu shi ne ba ma zama mu binciki aikin da muka yi.

A dubi yadda bitar take. Shugaba da sakatare su tafi Kano, su kwana a otal, su karɓi kuɗin mota da jaka da takardar shaida, su dawo. Saurayin da ya yashe kwalbati da damina, da matar da ke bi gida-gida tana karɓar gudummawar marayu, babu mai faɗa musu ko kalma. Hatimi da takardar rajista da littafin kuɗi duk suna ɗakin shugaba. Ranar da ya faɗa siyasa ko ya koma Abuja, ƙungiya ta bi shi.

Taron wata kuwa, shugaba ya yi jawabi, a ce "Allah ya ƙara girma", a shafa fatiha, a watse. Yaron da ya ga inda aka kauce ya ja bakinsa, don kada a ce ba shi da kunya. Wannan ba ladabi ba ne, cin amanar jama'ar da aka tara kuɗi da sunansu ne.

Mai shakka ya tuna yaƙi da shan inna. A 2003 jihar Kano ta dakatar da rigakafi, sai a 2004 aka dawo da shi, kuma cutar ta ci gaba da nakasa yara shekaru bayan haka. Kuɗi sun taimaka, ba musu. Amma abin da ya juya lamarin shi ne sauya salo: aka jawo hakimai da dagatai da masu unguwanni, aka sa matan unguwa su shiga gidajen maƙwabtansu, kuma kowace yamma a kwanakin rigakafi ma'aikata su zauna su lissafa gidan da aka tsallake, da wanda ya ƙi, da dalilinsa, washegari a koma. A Yulin 2014 aka ga yaro na ƙarshe da asalin cutar ta kama a jihar nan, a Sumaila, kusa da mu. A Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin cutar. Zaman yamman nan ba a otal ake yin sa ba.

Masu jiran tallafin waje kuma su dubi 2025, shekarar da Amurka ta rufe hukumar USAID, ayyuka da dama suka tsaya cak a Najeriya. Kowa ya dogara da tukunyar wani, da yunwa zai kwana.

Za a ce mutanenmu ba su da ilimin tafiyar da ƙungiya. A Wudil? Garin da ke da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da Kwalejin 'Yan Sanda? Ɗalibin da zai tsara littafin kuɗi yana cikin ƙungiyar, ba a dai tambaye shi ba ne.

Gyaran ba ya cin ko sisi. Bayan kowane aiki a zauna a tambaya: me muka yi niyya, me ya faru, me za mu canja? Ƙarami ya fara magana, shugaba ya zo ƙarshe, a kuma rubuta. Ma'aji ya karanta shige da fice a gaban kowa, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya je bita ya dawo ya koyar, in ba haka ba kada a sake tura shi. A yanka wa shugabanci wa'adi, a kuma mutunta shi.

Shugabanni, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ku kira taro cikin watan nan, ku ajiye littafin kuɗi a tsakiyar tabarma, ku yi shiru ku saurara.