Jari ba na caca ba ne

Tun bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, da aka rufe gadar Malanville zuwa Gaya, Parakou ta ji a jikinta. Garin ya ginu ne a kan hanyar Kwatano zuwa Yamai: direba, ɗan dako, bakanike, mai tuwo a bakin tasha, duk daga wannan titi suke ci. Kafin nan mun ɗanɗana rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Wanda jarinsa kaf ke bin hanya ɗaya, sau biyu ke nan yana kwana da kaya a hannu.

Amma abin da ya fi damuna shi ne abin da ƙunci ke jawowa. Ɗan kasuwa ya wuni a rumfarsa a Arzeke, ciniki bai kai kuɗin cefane ba, sai wani mai tsabtar riga ya zauna a bencinsa, ya buɗe waya ya ce: "Alhaji, kawo jaka ɗari, nan da wata uku ka karɓi ninki." Mun san ƙarshen wannan zance. A 2010 kamfanin ICC Services ya rushe da ajiyar mutanen Benin, kusan sefa biliyan 150. Da kuɗin sabon shiga ake biyan na da, da sunan riba. An yanke wa shugabanninsa hukuncin ɗauri a 2019, amma ɗauri bai mayar wa mai ƙosai jarinta ba. Ribar da ba ka ga hajarta ba, ba ka san guminta ba, haƙƙin wani ce. Wannan ya ishi mai tsoron Allah dalili.

Fataken da suka bi ta Djougou zuwa Gwanja neman goro ba da hannu wofi suka tafi ba. Kanwa da tufafi suka ɗauka, kuma sun san abin da za su komo da shi. Mu ma mu sa kuɗi inda ido ke gani: waken soya, kashu, doya, tumakin da za a kiwata kafin Layya. A raba kuɗin cefane da jari. A rage bikin da ake ci da bashi.

Ke kuma uwar adashi, kuɗin da ke hannunki amana ce. Kada ki ba kowa ya juya, ko da ƙaninki ne.