Wasiƙar Shaida: Suna Muke Bi ko Gaskiya?

Ya ku 'yan'uwa ɗaliban likitanci, akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu, wadda ya kamata mu yi wa junanmu gaskiya a kanta. Da zarar ɗayanmu ya tashi neman gurbin horon ƙwarewa a asibitocin Amurka, sai ka gan shi yana zarya a ƙofar ofishin farfesan da ya fi kowa suna, alhali kuwa farfesan nan bai taɓa ganinsa a bakin gadon majinyaci ba. Ƙarshenta a ce masa, "Je ka rubuto, in sa hannu." To, wannan in ba shaidar zur ba, mene ne?

Mu dubi yadda abin yake. A tsarin ERAS, wasiƙu huɗu kacal ake yarda mai nema ya aika wa kowane shirin horo. Tun watan Janairun 2022 kuma aka daina ba da maki a matakin farko na jarrabawar USMLE, sai dai a ce mutum ya ci ko ya faɗi. Ashe ke nan nauyin da ke kan wasiƙun nan ya daɗa ƙaruwa. Wane mai hankali ne zai ɓarnatar da gurbi ɗaya cikin huɗu a kan takardar da ba ta ce komai ba face "yaro ne mai ladabi da ƙwazo"?

Masu tantancewa ba jahilai ba ne. Wasiƙu ɗaruruwa suke karantawa, sun kuma san yabon da aka yi don kunya. Abin da suke nema shi ne wanda zai ce, "Na ga yadda ya tsaya kan mai ciwon suga har asuba, na ga yadda ya nemi taimako da abu ya fi ƙarfinsa." Gani ya kori ji.

Wani zai ce ai babban suna ke buɗe ƙofa. Haka ne, in mai sunan ya san ka. In bai san ka ba, ƙaramin malamin da kuka yi wata uku kuna zagayen majinyata tare ya fi shi amfani sau goma.

Malamanmu kuma, ku ji tsoron Allah. Wanda kuka yaba yau, gobe shi za a miƙa wa ran ɗan Adam. In ba ku san ɗalibi ba, ku gaya masa tun da wuri ya nemi wani.

Allah ya sa mu gane.